Alwalar Gidan Boga

Duk wanda ya zauna Mamobi a shekarun da aka fara kiran mutane su bar gawayi su koma gas, ya san Alhaji Osumanu. In bai san shi ba laifinsa ne, don Alhaji bai taɓa ɓoye kansa ba. Allah Ya yi masa baiwa iri-iri. Ya ba shi tsayi, Ya ba shi murya, Ya kai shi Hambok ta ƙasar Jamus, Ya dawo mana da shi lafiya cikin kwat mai gashi a wuya. Waɗanda suka je can suka dawo, Boga ake ce musu a Akra. Namu ya fi sauran, shi ya sa aka ƙara masa girma, ana ce masa Boga Mai Inshora.

Wasu sukan dawo da mota. Alhaji ya fi su hangen nesa, ya dawo da hita. Wani farin akwatin ƙarfe ne da ake kafawa a bango, ruwa ya shiga da sanyi ya fito da zafi, kuma da gas yake aiki. Mu da famfo ke kawo mana ruwa ranar da ya ga dama, mu da rana ke dafa mu tun hantsi, ba mu san ruwan zafi muka rasa a duniya ba sai da Alhaji ya sanar da mu.

Bai kafa ta a banɗaki ba, saboda baƙo ba ya zama a banɗaki. A falo ya kafa ta, kusa da agogo. Tukunyar gas tana ƙasa, an lulluɓe ta da leshi. Famfon kuma ya huda bango ya fita baranda, inda mai wucewa zai gani.

“Wannan hita tana da inshora,” yakan ce wa duk wanda ya tsaya gaishe shi. “Kamfanin yana Hambok. Ko tari ta yi, injiniya zai zo. Sharaɗinsu ɗaya, kada baƙon hannu ya taɓa ta. Ba irin gyaranku na makanikan Abosi Okai ba, a buga guduma a ce Allah Ya kiyaye.”

Da tiyon Jamus ya ƙi shiga bakin tukunyar Gana, Alhaji bai kira kowa ba. Ya yanko tsohon tubun keke ya ɗaure da kansa. Ya ce hannunsa ba baƙo ba ne, tunda ya sha sanyin can.

A wannan shekarar Wakilin sarkin unguwarmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Wakili shi ke zama a hannun daman sarki a kowane suna da kowane ɗaurin aure, kujera a jikin kujera. Alhaji ya duba unguwa kaf, ya auna kowa da adalci, bai ga wanda ya dace ba sai mutum ɗaya. Sai ya gayyaci sarki, Malam Sumaila, da Liman Mutala da dattawan majalisa, su ci abinci a gidansa, su yi La’asar a falonsa, su ɗanɗani alwala irin ta ƙasashen da suka ci gaba.

Ranar ya rufe tagogi ruf. Ya ce manyan Hambok ba sa buɗe taga. Matan gidan, da matarsa Zenabu da ’yan haya, aka kora su can bayan gida da kurfotinsu na girki, kada hayaƙin gawayi ya zubar masa da mutunci.

Dattawa suka ci suka ƙoshi. Alhaji ya miƙe, ya yaye leshi, ya murɗa kan tukunya. Wani siririn sauti ya taso, sss.

“Kun ji?” ya ce. “Injin kirki ba ya ihu. Raɗa yake yi. Da kanta take kunna wutarta a ciki, ba ruwanta da ashana.”

Ba wanda ya ga wuta, amma ba wanda ya je Hambok balle ya yi musu. Aka fita baranda aka yi alwala. Ruwan da ɗumi kam, don tankin yana kan kwano, rana ta wuni a kansa. Famfon kowa a unguwar haka yake a wannan lokacin. Dattawa suka ce ma sha Allah. Wani tsoho har ya ce ya ji ciwon gwiwarsa ya ragu.

Aka dawo falo aka daidaita sahu. Liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai hancinsa ya motsa.

Wari ne, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa ya ji, kowa ya sunkuyar da kai. Dattawa ne da suka ci wake da shinkafa, kuma kowannensu ya san abin da wake ke iya yi. Kowa ya tabbata ba shi ba ne, kowa ya tausaya wa na kusa da shi.

Liman Mutala mutum ne mai rufa asiri. Ya sauke hannu ya ce, “Jama’a, sabunta alwala lada ne. Mu fita gaba ɗaya mu sake.” Haka ake yi, don mai abin ya shige cikin taro ba a gane shi ba.

Alhaji ya ji daɗi, bakinsa har kunne. A ganinsa ruwan ne ya yi musu daɗi suke neman ƙari. Ya ƙara murɗa tukunya. Raɗar injin ta ƙaru.

“Ku yi ta yi,” ya ce. “A Hambok mutum yakan yi wanka don nishaɗi kawai. Ba ƙarewa zai yi ba koraa, ko kaɗan.”

Aka sake alwala, aka dawo. Wannan karon warin ya riga su sahun gaba. Sarki ya dubi Liman ta gefen ido. Liman ya dubi tsohon nan mai gwiwa. Tsohon ya dubi silin, idonsa na ruwa. Liman ya yi gyaran murya ya ce ai ba a ƙoshi da lada. Aka sake fita, Alhaji ya sake murɗawa.

A dawowa ta uku rawunna sun fara karkacewa. Wani dattijo ya zauna daɓas, ya ce falon ne ke juyawa. Shi kansa Alhaji ya ji abin da ake ji. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya leƙa ƙofa ya ɗaga murya.

“Zenabu! A kawo turaren wuta! Kasko babba, garwashi ya yi ja!”

Zenabu ba ta saba musu da mijinta ba. Ta ɗebo garwashi ta taho. Fulera, ’yar haya mai sayar da koko, ita ta biyo ta da gudu ta riƙe mata zane a tsakar gida. Warin ya riga ya kai can. Fulera ta karɓe kaskon ta kifa shi cikin bokitin wanke-wanke, ta zo bakin ƙofa ta durƙusa.

“Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri da bakina. Baba Boga, gas ɗinka ne ke zuba. In wutan nan ya shiga ɗakin nan, wallahi har unguwar Nima za a tsinto hulunanku.”

Injin yana ta raɗarsa. Dattawa suka fara kallon juna da sauƙin zuciya, kowa yana shirin yafe wa maƙwabcinsa. Sarki ya ce, “Alhaji, gaskiya ne?”

A nan ne Alhaji Osumanu ya nuna irin mazan da Hambok ke fitarwa. Ya gyara wuyan kwat.

“Ranka ya daɗe, mai koko ba ta san injin ba. Kayan Jamus ba ya yoyo. Abin da ke da inshora ba ya yoyo. Ni na ɗaura tiyon nan da hannuna.”

Liman ya ce a hankali, “To Alhaji, in ba tukunya ba ce, mutum ne.”

Alhaji ya dubi hita. Ya dubi dattawa, waɗanda yake neman yardarsu, ba dama ya ɗora wa ɗayansu. Ya sake duban hita, fara tas a bango, ba ta taɓa yi masa laifi ba.

“Ni ne,” ya ce.

“Duka ukun?” in ji Liman.

“Duka ukun. Cikina bai gama sabawa da abincin ƙasar nan ba.”

Sarki ya ce Allah Ya sawwaƙe, Ya ba da lafiya. Dattawa suka ce amin, suna neman takalmansu. A masallaci aka yi La’asar, da ruwan buta.

Suna fita Alhaji ya bi su da bayani har bakin titi. Kafin ya dawo mata sun buɗe tagogi, sun rufe kan tukunya, sun kinkime ta zuwa fili bayan gida. Ya yi faɗa sosai. Ya ce baƙin hannaye sun taɓa, sun kashe masa inshora, yanzu ko injiniyan ya taso sai ya koma. Zenabu ta ba shi haƙuri. Mu ma muka ba shi, tunda muna da rai da za mu bayar.

Majalisa ta zauna a kan maganar Wakili. Ba wanda ya kushe Alhaji. An yabi gaskiyarsa ƙwarai, don ba kowane babba ne zai amsa irin wannan a gaban jama’a ba. Sai dai sarki ya ce shi tsoho ne, riƙon alwala wuya yake masa, kuma Wakili a jikinsa yake zama tun safe har a watse. Aka naɗa tsohon nan mai gwiwa.

Amma ba a bar Alhaji haka ba. Tun daga ranar, duk suna ko ɗaurin aure, benci guda ake ware masa shi kaɗai, can ƙarshen rumfa, inda iska ke ficewa. Yakan zauna a tsakiyarsa ya baje kwat, ya dubi sarki da Wakili a matse kafaɗa da kafaɗa, ya girgiza kai don tausayi.

“Sai yanzu mutanen nan suka fara wayewa,” yakan ce. “A Hambok ma haka ake yi wa manya. Ba a matsa musu.”