Sarkin Akwatunan Batsari

Duk wanda ya zauna Batsari a shekarun da kuɗin mai suka fara yawo, bai kuma san Malam Armaya'u ba, to ya yi zaman banza. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar rediyo. Goma sha ɗaya gare shi, manya-manya na katako, irin waɗanda Turawa suka zuba a gwanjo da za su koma gida. Ya jera su a zaure bisa tebura uku, kowanne da mayafinsa. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Mutanen gari, saboda tsabar ladabi, suka ƙara masa da Sarkin Akwatuna.

Gyara kuwa sai dai a sara masa. In ya sayo rediyo, sai ya kwance bayansa, ya kakkaɓe gidan zanzaro, ya goge katakon har mutum na ganin fuskarsa. Sannan ya tsoma gashin kaza a man gyaɗa, ya bi kowace waya da kowane ƙarfe na ciki ya shafe.

"Inji ma rai gare shi," in ji shi ga masu zuwa kallo. "Kun taɓa ganin mai lafiya da kaushi? Bature ya iya ƙira, amma bai iya kiwo ba."

Ɗan cikas ɗaya ne kawai. Duka sha ɗayan da wutar lantarki suke aiki, ita kuwa ba ta iso Batsari ba tukuna. Saboda haka babu wanda ya taɓa jin ko tarinsu. In an tambaya, sai ya ce hutawa suke yi, domin babba ba ya magana barkatai.

A shekarar 1975 mahaifiyarsa, Ma'u, ta tafi aikin Hajji. Tsohuwa ce tukuf, ba ta taɓa wuce Katsina ba. Kwana ashirin da shida babu labari, har aka fara raɗe-raɗin zafi ya kwantar da tsofaffi da yawa a can. Sarkin Akwatuna ya daina cin tuwo sosai, ko da yake bai daina shafa mai ba. Sai wani direba ya gaya masa ya ji a rediyon motarsa cewa ranar kasuwa bayan La'asar za a sa gaisuwar alhazan yankin. Mai rediyo sha ɗaya, a bakin direba ya ji labari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya aro injin wuta wajen ɗan kwangilar da ke gina makaranta, ya shimfiɗa tabarmi, ya gayyato liman da dattawan unguwa. Cikin 'yan kallo har da Manu, wani makiyayi daga Babban Duhu, rataye da ɗan rediyonsa mai batir, an ɗaure shi da tsumman roba.

"Kai Manu, fitar mini da wannan ɗan tsakon," in ji Armaya'u. "Yau iyayensa za su yi magana."

"To, Injiniya, Allah ya ba su lafiyar baki," in ji Manu, ya koma gindin darbejiya ya zauna.

Aka tayar da inji. Sarkin Akwatuna ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya murɗa babban cikinsu. Rediyo ya yi gurnani. Ya yi zafi. Can sai ƙamshi ya cika zaure, har liman ya waiga yana neman mai ƙosai. Hayaƙi ya biyo baya.

"Gyaran murya yake yi," in ji Armaya'u, yana fifita shi da hula.

Ya jona na biyu, shi ma ya soyu. Na uku ko gardama bai yi ba. Yana laluben na huɗu sai Manu ya ƙwala kira daga waje.

"Injiniya! An fa iso Batsari!"

Girman kai rawanin tsiya, amma uwa ta fi rawani. Armaya'u ya fita a guje ba takalmi, ya durƙusa a gaban makiyayi, ya manna kunne a jikin ɗan tsako. Jama'a suka kewaye su. Sai ga muryarta, tar kamar tana tsakar gida.

"Ni ce Ma'u ta Batsari. Lafiyata ƙalau, na sauke farali. Ina gaida ɗana Armaya'u."

Hawaye suka zubo masa. Ya ɗaga kai yana duban jama'a, don kowa ya shaida sunan wa aka kira a duk faɗin Arewa.

"Ku gaya masa na yi masa addu'a a gaban Ɗakin Allah," tsohuwa ta ci gaba. "Allah ya raba shi da tarkacen nan da ya cika mana zaure da su, ya ba shi sana'a."

"Amin!" in ji liman. "Amin!" in ji dattawa, har da masu wucewa kasuwa.

Liman ya dafa kafaɗar Armaya'u.

"Injiniya, addu'ar uwa ce fa, daga Makka kuma. Ba a barin ta a ƙasa."

Sarkin Akwatuna ya ɗaga hannuwansa biyu masu maiƙo, ya shafa a fuska, ya ce, "Amin."