Kunkurun Gidan Lanti

A garinmu na bakin kogi akwai wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ba yaro ba ne, ya haura talatin, ga ƙarfi ga ladabi. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa shi zai yi, ba abin da kake nufi ba. Yana zaune da yayarsa Lanti tun da mijinta ya rasu. Katangarmu ɗaya da su, shi ya sa ba abin da ya wuce ni.

Abu biyu mijin Lanti ya bar mata. Na farko irin shinkafa, wata 'yar gajeriya mai ƙamshi da ya gada wurin babansa, duk yankin ba mai ita sai su. Na biyu kunkuru. Wani akwati ne mai taya biyu da masu haƙar burtsatse suka tafi suka bari a tsakar gidan, lokacin da yake musu gadi. In aka murɗa wani hannun ƙarfe a gefe, sai rufin ya ɗaga, tamfol ya miƙe, ya zama ɗaki har da wurin kwana. Yara ne suka sa masa kunkuru. Shekara da shekaru ruwa na dukansa, ciki duk ya yi funfuna, kaji sun mayar da shi gidan ubansu.

To, damina ta yi nisa, rumbun Lanti ya zube, ɗakinta kuma ƙasa na tsattsafo da ruwa. Irin shinkafar ya fara jin danshi. In ya lalace babu noman rani, kuma irin ya ƙare ke nan. Ba a gina rumbu da damina, kuɗin kafinta kuwa babu. Sai ta ce a gyara kunkuru a zuba a ciki. Wa zai gyara? Injiniya Nomau mana.

Wata rana da safe ta ce masa, "Duk abin da ya ruɓe ka fitar ka zubar a juji." Ta tafi gona. Nomau ya fara. Yana shinshinawa yana fitarwa: katifa, labule, katakon ƙasa, har ya zama in ka leƙa ciki tsakar gida kake gani. Kaza mai kwanci kawai ya bari, ya shinshina ta ya ji lafiyarta lau. Da ya gama bai gaji ba, sai ya bi hancinsa zuwa madafa. Can ya sami kalwar daddawa da Lanti ta rufe tana jiran ta nuna.

Da ta dawo ta ga tukunyar daddawar an wanke ta tas, a kife.

"Nomau, ina daddawata?"

"Yaya, ai ita ta fi komai ruɓewa. Allah ya sa na gani."

"Sannu da ƙoƙari. Ni ma na kwana biyu ban yi wanka da sabulu ba, zo ka shinshina."

Ya matso kuwa. Sai da ta ɗaga muciya.

Wata rana ta ce, "Yanzu sai a sa katako a ƙasa. Amma kada ka je kasuwa, ba mu da shi. Duba abin da ke cikin gidan nan ka yi da shi." Ita tana nufin tarkacen da ke bayan ɗaki. Nomau ya duba gida da kyau, ya ga katakon da ya fi lafiya shi ne na gadon Lanti, sai ƙyauren banɗaki. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko kafinta sai haka. Ranar kuma ƙanin mijinta ya zo gaisuwa, ya ɗauki buta ya zagaya. Mun ji shi ta katanga yana ta tari, yana gyaran murya, har ya gama, don kada wani ya biyo. Lanti ta koma tabarma. Ta ce mini dama likita ya ce ƙasa ta fi wa baya.

Wata rana aka zo kan tamfol, duk ya huhhuje. Lanti ta kira Malam Sallau, mai gyaran kwalekwale a bakin kogi, ya zo ya ba da shawara, tun da shawara kyauta ce. Ya ce, "Nomau, ka shiga ciki da rana tsaka. Duk inda ka ga haske na shigowa, ka ɗinke." Aka ba shi basilla da zare da tsofaffin buhuna. Ya shiga. Ya ɗinke hujoji, ya ɗinke tagogi. Haske bai daina shigowa ba, sai ya ga ashe ta ƙofa ne.

La'asar ta yi ba a ga Nomau ba. Sai muka ji murya daga cikin kunkuru.

"Yaya! An gama. Babu haske ko kaɗan."

"To fito mana."

"Ta ina?"

"Zauna nan, ɗan'uwa. Ka ga ka yi ɗaki, saura mata."

Sai da ta gama tuwo ta ci, sannan ta ɗauko wuƙa ta farke shi, shi da kazar.

Wata rana suka zo gwada hannun ɗagawa. An zuba masa baƙin mai ya saki. Lanti ta ce, "Murɗa, kada ka tsaya sai na ce." Yana murɗawa rufi na tashi, tana murna. Sai akuya ta faɗa madafa kan tsaki, Lanti ta bi ta da gudu har waje. Rufi ya kai ƙarshe, Nomau bai ji an ce tsaya ba. Ya ƙara ƙarfi. Ji kake ɗas! Wayar da ke ɗaga rufin ta tsinke, rufi ya dawo rim, ya rufe akwatin ruf. Duk ɗinkin nan na yini guda ya koma ciki ya kwanta. Da ta dawo ta same shi yana ta murɗa hannun da ba ya riƙe da komai, gumi na zuba.

"Tsaya," ta ce a hankali. Ya tsaya.

Daga ranar kunkuru bai sake miƙewa ba, sai dai maza biyu su ɗaga murfin su tokare da itace. Lanti ta ce ba komai, dama ba kwana shinkafa za ta yi a kan gado ba. Murfin dai yana yoyo, shi ya rage.

Wata rana Malam Sallau ya tausaya mata ya aiko da ragowar kwalta a gwangwani, irin wadda yake liƙe jirage da ita. Ta dafa, ta ce, "Nomau, wannan ita ke nan, babu wata. Ka shafe inda ruwa ke shiga." Ta tafi barka. Nomau ya tsaya yana tunani, ina ne ruwa ke shiga? Sai ya ɗebo bokiti ya sheƙa a cikin akwatin, ya tsuguna yana kallo. Ya ga ruwa na fita ta ƙasa, ta tsakanin katakon gado da ƙyauren banɗaki, da ta kusurwoyi. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashi ya shafe gindin nan kaf, ciki da waje, har gefe-gefe. Murfi ko ɗigo bai samu ba.

Na ji ihun Lanti tun daga zaure.

"Ruwan sama ta ƙasa yake zuwa a garinku?"

"Yaya, na gwada. Ta nan ƙofarsa take. Inda ya fita ai nan zai shiga."

Ba ta da yadda za ta yi. Ta bari ya bushe, suka zuba buhunan irin a ciki, ta lulluɓe murfin da ledar taki, ta danne da duwatsu. Nomau ya ce, "Saura me, Yaya?" Ta ce, "Saura ka ɗaure shi a jikin tsamiya kamar akuya, kada ya gudu." Ta shige ɗaki.

Ya jawo shi gindin tsamiya. Ya samo igiyar rijiya ya ɗaure, ya sakar masa tsawo sosai yadda ake wa akuya don ta yi kiwo. Ya ajiye masa dusa a kwano. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya yi dariya. Malam Sallau ya ce in ya haihu a ajiye masa ɗa ɗaya.

Ba a yi sati ba kogi ya ɓalle. Da hantsi ne, muna shanya. Kafin mu ankara ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, kowa ya ɗauki yaro da abin da hannu ya kai, muka gudu makarantar firamare da ke kan tudu. Lanti ta so komawa saboda irin shinkafar, maza suka riƙe ta. Muna tsaye muna kallon katangu na narkewa, rumbuna na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a barandar aji ta rufe fuska da mayafi. Ba ta zagi Nomau ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Washegari Malam Sallau ya tuƙa kwalekwale ya shiga gari duba abin da ya rage, ya ɗauki Lanti da Nomau. Gidanta babu, namu babu. Sai tsamiya. A gefenta ga kunkuru a kan ruwa yana lilo, igiya ta miƙe ta riƙe shi, kaza na zaune a kan leda. Suka ɗaga murfi. Lanti ta cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ta ɗebo, ta ciza. Ƙaras. A bushe.

Malam Sallau ya shafa gindin akwatin ya ce shi ma da haka zai liƙe. Wai dama ya san za a yi haka. Mhm.

Bana duk wanda ya yi noman rani a garinmu, a cikin kunkurun nan aka auna masa iri, har masu dariyar. Amma a cikin kwalekwalen ranar, Nomau shi kaɗai ne ransa a ɓace. Yana ta leƙen ruwa.

Lanti ta ce, "Me kuma kake nema?"

"Yaya, ki yi haƙuri. Ruwa ya tafi da kwanon dusarsa."

Ta dube shi, ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Bari mu koma tudu, in samo maka wata. Ka ƙara masa, ya yi aiki."