Ranar da Sufeto Ya Zo Ganin Dabarata

A shekarun hamsin ina koyar da 'yan aji ɗaya a Kawo, ina kuma bincike kan hutun rana na ƙananan yara. Gani nake duk Arewa babu kamata. Da sufeton makarantu ya zo ganin dabarata ta sa yara barci, na ce, "Ranka ya daɗe, minti biyar za ka ji shiru." Na kwantar da su, na kishingiɗa ina musu tatsuniya.

Minsharina ne ya tashe ni. Yara na zaune sun zuba mini ido, sufeto ya tafi. Wata yarinya ta ce, "Malam, ya ce a ƙyale ka, ka gaji."

Ƙarin girma ya wuce ni. Har yau, da furfurata, ko hamma na yi sai abokan aiki su ce, "A rage murya, Malam zai shiga bincike."