Tambarin Kasko a Murhun Gilashi

"Lafiya lau na yini, in ban da har yanzu kai ne jikana," in ji Kaka, tun bai ƙarasa gaisuwar ba.

Tsinke ya tsaya a ƙofar kicin da jakarsa ta gyaran waya a kafaɗa. Ita ta kira shi daga shago, ta ce ya zo maza kafin ubansa ya dawo cin abincin rana. Ga ta kuwa ta tokare gaban murhu, ta baza mayafi kamar kaza a kan ƙwai.

"Tsohuwa, me kike ɓoyewa? Ko wani saurayin kika yi bayana?"

"Da na samu ai da tuni na sallame ka. Miji kamar tsinken sakace."

Bakin ne kawai ke aiki, amma idonta na kan ƙofa. Tun da ta zame a banɗaki ɗanta ya ɗauko ta zuwa gidansa, aka raba ta da shara da wanki da cefane. Kicin kaɗai ya rage mata. Shi ma da ta ƙona tawul kwanan baya, ɗan nata ya ce in aka kuma, sai dai a riƙa kai mata abinci ɗaki a tire. Kaka ta fi tsoron tiren nan a kan allurar asibiti.

Tsinke ya leƙa ta saman kanta, abin da bai yi masa wuya ba. A kan baƙin gilashin sabon murhun lantarkin ga wani zobe ruwan ƙasa, gefensa ya yi fari-fari da shuɗi.

Da ƙyar ta bayar da labari. Murhun irin wanda ba ya karɓar tukunya ne sai mai gindin ƙarfe, ita kuwa tsohuwar tukunyarta ta dalma ce. Duk sanda ta ɗora sai ya yi mata ƙiit-ƙiit ya mutu. Shi ne ta shimfiɗa kaskon ƙarfe ba komai a ciki, ta ɗora tukunyar a kansa, ta ƙure lamba. Miya ba ta tafasa ba, kasko ya kusa yin ja.

Tsinke ya dafe bango yana dariya har jaka ta zame.

"Kin yi wa murhu wayo, shi kuma ya buga miki tambari."

"Munafuki ne. Wuta mai mutunci fuskarta take nunawa. Wannan ba harshe ba hayaƙi, sai cizo."

"Kowa ya ɗebo da zafi dai bakinsa."

"Naka bakin ai ko da sanyi aka ɗebo ba ya rufuwa."

Ta zaro soson ƙarfe daga ƙarƙashin mayafi, ta ce da shi ta goge gindin tukwanen da suka girmi ubansa. Ya yi wuf ya ƙwace, ya ce garin neman gira za ta rasa ido, don gilashi in ya karce ya karce ke nan. Ya sa ta jira har jan harafin da ke nuna sauran zafi ya mutu. Sannan ya kwaɓa bekin soda, farin garin nan na yin kek, da ɗan ruwa, ya shafe zoben, ya rufe da tawul mai ɗumi, ya ce sai a bar shi ya jiƙa.

Jira ba halin Kaka ba ne. Ido ɗaya na kan agogo, ɗaya na kan tawul.

"Mai haƙuri shi ke dafa dutse," in ji Tsinke.

"Ni na dafa, ubanka ya sha romon. Shi ya sa ya haifi tsakuwa."

"Tukunyar nan taki fa an ce ta girmi wutar lantarki."

"A cikinta aka yi maka wanka kana jariri. Har da murfi ka shige, muka yi ta nemanka."

"Ashe tun lokacin kike son dafa ni."

"Wa zai ɓata gishiri a kan ƙashi?"

Da ya ɗaga tawul ɗin, sai ya kwantar da reza kusan shafe da gilashin, ya riƙa tura ta a hankali yadda yake ɓare fuskar waya. Datti ya riƙa tasowa. Ya goge da ruwan tsami na binega da tsumma mai laushi, Kaka na tsaye a kansa tana cewa hannunsa kamar na mai jin yunwa. Ruwan ƙasan ya tafi tas, gilashi ya ɗau ƙyalli. Amma farin zoben siriri yana nan daram. Ya sake shafawa, ya sake gogewa, bai motsa ba.

"Kaka, wannan ya shiga cikin gilashin. Ba zai fita ba."

Da ya ce Kaka bai ce Tsohuwa ba, ta san ba wasa. Ta zauna a kan kujera, ta ji tiren nan kamar har an ajiye mata shi a cinya. Nan take mukulli ya yi ƙara a ƙofa.

Uban Tsinke ya shigo yana kwance agogo, idonsa ya faɗa kan zoben. Ya tambayi mene ne wannan.

"Ni na yi mata alama, Baba," in ji Tsinke, ko ƙifta ido bai yi ba. "Idon tsohuwa ya fara gajiya. Baƙin gilashi ba ta ganin inda za ta ɗora tukunya."

Kaka ta ji kamar an watsa mata barkono. Ita da ke zura zare a allura ba tabarau, kuma ba baƙon da ya taɓa fita gidan nan bai ji labarin ba.

"Haka ne, Inna?"

Ta dubi murhun, ta dubi jikan da ke cije leɓe. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"Haka ne," ta ce da ƙyar. "Yaron ya kyauta."

Ɗan nata ya gyaɗa kai, ya yaba da dabarar, ya ce ta ci gaba da girkinta tunda yanzu tana gani. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Ka yi wa sauran idanun murhun ma."

Suna jin ƙofar banɗaki ta rufe, Tsinke ya sulale ƙasa yana riƙe ciki.

"Tsohuwa, miƙo kaskon, aiki ya samu."

Kaka ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na dariya ne ko na wani abu ba. Ta juye miyar a tukunyar ƙarfe, ta wanke tata ta dalma, ta goge ta sosai, ta dangwara masa a cinya.

"Ɗauki, yau ka kayar da ni. Murhun gidanka na gas ne, zai san darajarta. Amma ka sani idona ras yake. Daga nan ma ina ganin har yanzu ba ka da kyau."