Rasuwar Gwaggo, Mai Gwaji Ɗari Uku da Sha Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda har yau bai tsane ba, Dogo da iyalinsa suna sanar da 'yan'uwa da abokan aiki, na kusa da na nesa, rasuwar tsohuwar kwamfutarsa wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ƙarƙashin teburin da ta zauna shekara goma sha huɗu, bayan gajeruwar jinya da dogon zargin da ba ta cancanta ba.

Ga waɗanda ba su san aikin marigayiya ba: Dogo ne ke kula da wata 'yar manhaja ta kyauta, mai aiki ɗaya tak, wato adana sunaye da bayanai ba tare da ko ɗaya ya salwanta ba. A buɗe take ga kowa. Masu gina manyan manhajoji su ɗauke ta su dasa cikin aikinsu, wanda ya hango aibi ya gyara ya aiko. Amma babu gyaran da ke shiga sai ya bi ta hannun Gwaggo. Gwaji ɗari uku da sha biyu take yi masa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ci ta nuna kore, wanda ya faɗi ta nuna ja, ko da kuwa na Dogon ne da kansa.

Matarsa ce ta raɗa mata sunan, ranar da ta ga an dawo masa da aikin sati guda jajawur. Ta ce, "Wannan ai ba kwamfuta ba ce, gwaggo ce. Ka kai mata abu komai kyansa, sai ta nemo inda ya karkace."

Marigayiya ba ta san gaggawa ba. Abin da na'urorin yanzu ke gamawa cikin minti biyu, ita sai ta yi minti arba'in da bakwai. Dogo kan tayar da ita da safe, ta amsa da "bip" guda, fankarta ta ja numfashi, "fuuu", faifanta ya kama "ƙir-ƙir-ƙir". Ya yi wanka, ya kai yara makaranta, ya dawo ya tarar tana kan na ɗari biyu da wani abu, ko a jikinta. Shi ya shirya ta da hannunsa tun farko, kwana shida yana ɗora mata kayan gwaji, ya rubuta matakan a takarda ya manna a gefenta. Takardar tana nan, ta yi ruwan ƙasa.

Wajibi ne a faɗi yadda abin ya faru, domin Dogo ya ce kada a rufa masa asiri. Wata huɗu da suka wuce ya yi wani gyara don manhajar ta ƙara sauri. Duk na'urorin abokan aikinsa suka nuna kore. Gwaggo kaɗai ta nuna ja a gwaji na ɗari biyu da takwas, wanda ke tambayar ko sunaye biyu za su tsira idan sun iso a lokaci ɗaya. Kuma ba kullum ba: yau ja, gobe kore, jibi ja. Ya kakkaɓe mata ƙura, ya canza mata wayoyin ciki, ya sake ɗora komai daga farko. Ja dai. Abokan aiki suka rubuto suna cewa, "Haba malam, tsufa ne. Ka sallami baiwar Allah ta huta mana." Tun yana kare ta har ya gaji bayan wata uku, shi ma ya fara cewa Gwaggo ta rikice. Sai ya rubuta layi guda: in a kan Gwaggo ne, a tsallake na ɗari biyu da takwas.

Washegari ta nuna kore ɗari uku da sha ɗaya, ta yi "bip" ɗinta guda kamar kullum. Ba ta yi musu ba. Ya saki sabon samfurin manhajar ga duniya, har ya shafa kanta yana mata dariya.

Ranar Talatar nan tana tsakiyar aiki sai muryarta ta sauya: "ƙas… ƙas… ƙas." Fanka ta sassauta, allo ya tsaya cak. Dogo ya rungume ta zuwa shagon mai gyara, bai ko tsaya neman takalmin kirki ba. Mai gyara ya kwance ta, ya sunsuna, ya mayar da sukudireba aljihu. Ya ce, "Maigida, sai haƙuri. Wannan ba jinya ka kawo ba."

Ranar Juma'a saƙo ya iso daga wata ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti, inda manhajarsu ta rajista ke ɗauke da ta Dogo a cikinta. Ta ce tsohuwar kwamfuta gare su, kuma tun da aka sabunta, idan ma'aikata biyu suka rubuta marasa lafiya a lokaci ɗaya, sunan ɗaya sai ya ɓace. Wata uwa ta zauna da jaririnta tun safe har rana ta take, ba a kira ta ba, don babu ita a jeri. Wayyo! Abin da Gwaggo ta yi wata uku tana faɗa ke nan. Jinkirin da ake mata gori a kansa, shi ya sa take ganin abin da masu sauri ke wucewa. Dogo ya karanta saƙon sau biyu, ya durƙusa ya zauna a ƙasa kusa da gurbinta, inda ƙura ta zana siffarta. Ya yi kuka, kuma ya ce a rubuta cewa ya yi.

Ya janye sabon samfurin, ya roƙi kowa ya koma tsoho. Amma aibin yana nan a ɓoye. Ya maimaita gwajin sau dubu biyu a sababbin na'urori, duk kore. Mai iya nuna inda yake ta tafi.

Marigayiya ta bar allo ɗaya mai zane a gefen hagu, da madannai waɗanda haruffa uku suka goge, da wayar wuta wadda ta girme ta. Ta bar marayu ɗari uku da sha biyu. Ta kuma bar sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, yarinya mai kyau da sauri, wadda duk abin da aka tambaye ta sai ta ce e.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon mai gyara. Za a cire fankarta a ba Dogo, saura a miƙa ga masu narkar da ƙarfe. Iyalin suna roƙon kada a kawo komai na ta'aziyya. Sai dai duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta sa'arta, mai nawa, mai ƙorafi, da aka jefa a sito, don Allah ya zo da ita, akwai gurbi a ƙarƙashin tebur.

Kafin a ɗauke ta, Dogo zai goge layin nan guda da hannunsa a gaban kowa. An gaya masa ba za ta gani ba. Ya ce ya sani, amma a ajiye ta kusa da shi.