Kofur Gwaska Ya Je Neman Aure

Ba zan taɓa mantawa da binciken aurena ba, ko na so ma surukaina ba za su bari ba.

A shekarun tamanin, muna samari a unguwar Bulabulin, abokina Emeka ya kawo wani wasa da yayansa ya aiko masa daga ƙasar waje. A bayan shagon babansa muke yi: kowa ya ƙirƙiro jaruminsa, Emeka yana ba da labari, a jefa ɗan lido a ga wanda ya tsira. Ni sarkin iyayi sai na ƙirƙiro Kofur Gwaska, tsohon soja, uwarsa mutum ubansa dodo, ya ajiye takobi ya rungumi gurmi yana roƙo. (A zahiri malamin firamare ne ni, ko kare ya yi haushi sai na canja hanya.) Sunan ya bi ni har aka manta na yanka.

Da na fara neman Falmata, mahaifinta Alhaji Bukar ya tura ƙaninsa Baba Modu ya binciko asalina. Tsautsayi ya kai shi shagon su Emeka. 'Yan banzan abokaina suka haɗa baki, ba ko murmushi, suka zayyane masa tarihin Gwaska kaf.

Ranar gaisuwa na sha babbar riga na durƙusa, ban san me ake ciki ba. Alhaji, wanda tsohon soja ne na gaske, ya dube ni sama da ƙasa, ya gaishe ni da yarensu.

"Wushe, Kofur. Wace bataliya?"

Maimakon in ce wasa ne, tsoro ya sa bakina ya ce, "Ta Baƙin Dutse, Baba."

"Ban san ta ba. A ina kuka yi yaƙi?"

"A bayan shago."

Baba Modu ya gyara zama. "Yaya, ni sojan bai dame ni ba, roƙon ma da sauƙi. Dodon ne matsala."

Alhaji ya ce tunda maroƙi ne ni, in wasa shi ya ji. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, amma Falmata nake so. Na buɗe baki na rera kirarin Gwaska, wanda ya sare kan maciji mai aman wuta. Daga bayan labule na jiyo dariyar mata, kuma na gane ta Falmata a ciki.

"Ya isa," in ji Alhaji. "Soja dai ba kai ba. Maroƙi ma, mun ji da kunnenmu, ba kai ba. Saura dodon, wannan sai mun ga babanka."

Babana ya zo, aka duba shi, aka ba ni ita. Har yau 'ya'yana in sun je gidan kakanninsu, rubu'in dodo ake kiransu. Darasin da na koya: in za ka ƙirƙiro wa kanka wata rayuwa, ka ba ta asali mai kyau, don ba ka san wacce masu bincike za su fara tararwa ba.