Yadda Za Ka Raina Ragonka a Gaban Suruki

Matakai biyar ne kacal. Ka bi su, na yi maka alkawari sai an kira ka mai kunya daga Gozaki har Tsiga. Mati masaƙi ya bi su, har yau ana zancensa.

1. Nemo abin da ya fi ƙarfinka

Shekara guda Mati yana saƙa yana sayar wa fatake, sannan ya sayi rago kamar maraƙi. Hansai yake so, bazawara, 'yar Malam Hussaini, ita ma tana sonsa.

2. Kada ka kira shi da sunansa

Ɗan mutunci ba ya yabon kyautarsa. Durƙusa a zaure, ka ce yadda Mati ya ce: "Baba, ga ɗan abin nan, bai taka kara ya karya ba."

3. In an yaba, ka musa

Malam yana zaune Shitu wanzami na yi masa aski, ya ɗago ya ce, "Kai, Mati, wannan ai rago ne!"

Nan marasa tarbiyya kan yi godiya su tashi. Mati ya ce, "Gashi ne kawai, Baba. A jiƙa shi, akuya ta fi shi."

4. Ƙara gishiri

Ƙirƙiro masa ciwo. Mati ya ce har tari yake yi.

Malam ya ce, "Subhanallahi! Kada ya shafa wa awakina."

Shitu ya ce, "Malam, bari in raba ka da wahala." Ya ja igiya ya fice. Ran Mati ya ƙuna, amma magana zarar bunu ce, sai ya yi murmushi. Kai ma yi murmushi.

5. Halarci biki

Ran Juma'a Shitu ya dawo da ragon a wanke tas. "Malam, na warkar da shi. Babu irinsa a ƙasar Katsina. Hansai nake nema."

Aka tambayi Hansai. Ta aika wa Mati cewa, "In wahalar shekara guda ba komai ba ce a wurinka, ni fa?" Ta zaɓi Shitu.

Ran biki aka miƙa wa Mati tsoka, aka ce yaya nama? Ya tauna, idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi rago ne," in ji shi.

Gargaɗi: wanda ya rasa rago ko masoyiya kada ya doso zaurena. Ni suna na ce za ka yi, ban ce za ka yi aure ba.